Sanyaya gine-gine da ruwan ƙasan teku: ina illar take, kuma zai yiwu da dam ɗin Sabke?

Tambaya: "Injiniya, barka da aiki. Ni ɗalibi ne daga Daura, ina karatun kimiyyar muhalli. Na ji an ce akwai biranen da ke jawo ruwa mai sanyi daga can ƙasan teku su sanyaya gine-ginensu da shi maimakon esi. Shin wannan ba ya cutar da tekun? Kuma me zai hana mu yi irinsa a nan da ruwan dam ɗin Sabke ko na Zobe?"

Ƙanena, barka kadai, Allah ya yi wa karatu albarka. Tambayarka ta faɗo a kan sana'ata, domin aikin sanyi na daɗe ina yi, tun daga ɗakin ajiyar magani har manyan injinan da ke sanyaya bene guda. Abin da ka ji gaskiya ne, ana yi. A inda wuri ya dace, amfaninsa ga muhalli ya fi illarsa nesa ba kusa ba. Amma illar tana nan, kuma kusan dukkanta a wuri ɗaya take taruwa, wato bakin bututun da ke mayar da ruwan cikin teku bayan an gama aiki da shi. Can nake so ka zuba ido, don can ne masu tallata aikin suka fi saurin wucewa.

Mu fara da inda sanyin ya fito. Rana saman teku kawai take dumamawa. A yankunan zafi irin gaɓar Legas ruwan sama yakan kai digiri 27 zuwa 29 a ma'aunin Salshiyas, amma in ka nutsa ƙasa kamar mita 1,000 za ka tarar da ruwa mai digiri 4 zuwa 5, rani da damina. Wannan ruwan baƙo ne a wurin. A ƙuryar arewa da ƙuryar kudu ta duniya, wajen Girinlan da Antatika, ruwa yakan yi sanyi ya yi nauyi ya nutse, sannan ya riƙa rarrafawa a ƙasan teku yana bazuwa har ya iso ƙarƙashin ƙasashen zafi. Tafiyar tana cin ɗaruruwan shekaru. Ke nan sanyin da ake ɗebowa ajiya ce da Allah ya yi tun kafin a haifi kakanninmu.

Yadda ake aikin ba shi da sarƙaƙiya. Ana shimfiɗa ƙaton bututun roba mai kauri daga gaɓa zuwa zurfin da ake so, injin famfo ya jawo ruwan zuwa wani ɗaki a bakin teku. A ɗakin akwai faranti-faranti na ƙarfen taitaniyom da aka jera a matse, saboda shi gishiri ba ya cinsa. Ruwan teku yana bin gefe ɗaya na farantin, ruwan daɗi yana bin ɗaya gefen, ba sa gauraya, zafi ne kawai ke tsallakawa. Ka ɗauke shi kamar lagireton mota. Ruwan daɗin da ya yi sanyi shi ke zagayawa cikin gari ta bututun ƙarƙashin ƙasa ya shiga gine-gine, fanka ta hura iska ta kansa. Shi kuwa ruwan tekun, da ya shigo da digiri 5 ko 6, ya fita da kamar 12 ko 13, sai a mayar da shi. Babu kwampireso a tsakani, kuma kwampireso shi ne mai shan wuta a kowace esi.

A tsibirin Hawayi na Amurka akwai cibiyar bincike a Keahole da aka kafa a 1974, bututunta mafi zurfi yana ɗebo ruwa daga kusan mita 900. Wani otal a tsibirin Bora Bora da ke tekun Fasifik ya fara sanyaya ɗakunansa da wannan hanya a 2006, babban asibitin tsibirin Tahiti da ke yankin ya biyo baya a 2022. Akwai kuma masu yi da ruwan tafki: Jami'ar Cornell a jihar Niyok tun 2000, da birnin Toranto na Kanada tun 2004.

Ribar farko ita ce wuta. Cornell ta rage kusan kashi 80 cikin 100 na wutar da take kashewa wajen sanyi. Ka auna wannan da lissafin Hukumar Makamashi ta Duniya na 2018, wanda ya nuna esi da fanka suna cin kusan kashi 10 cikin 100 na dukkan wutar lantarkin duniya, kuma yawan esi zai tashi daga kamar biliyan 1.6 zuwa biliyan 5.6 nan da 2050. A tsibiran da dizal ake ƙonawa a samu wuta, duk kilowat ɗin da aka tsimi hayaƙi ne da bai tashi ba. Sannan esi ba ta kashe zafi, kwashe shi take yi daga ɗakinka ta watsa wa maƙwabci. Ka bi ta bayan wani banki a Katsina da azahar a watan Afrilu, inda aka jera kawunan esi a bango, iskar da za ta doke ka kamar ta bakin tanda.

Riba ta biyu ta fi damuna, don da idona nake ganin ɓarnar. Bara na je duba wani aiki a wani gida, na tarar da yaro mai gyara zai cire esi a canza mata wuri. Ya ɗauko sifana ya sassauta goron, gas ya fara fita da ƙara fuuu, bakin bututun ya yi fari fat da ƙanƙara, shi kuma yana tsaye yana jiran ya ƙare ya ci gaba da aikinsa. Minti biyu aka yi. Gas ɗin R-410A ne, kuma kilo ɗaya nasa yana dumama duniya kamar kilo 2,000 na iskar kabon. Esi ta gida tana ɗauke da abin da ya kusa kilo guda. Ban ga laifin yaron ba, haka ya ga ubangidansa na yi, kuma babu wanda ya taɓa ba shi tukunyar tara gas. Na nuna masa yadda zai mayar da gas ɗin cikin kan esin na waje kafin ya kwance, abu ne na minti biyar. Saboda irin wannan gas ɗin ƙasashen duniya suka yi yarjejeniyar Kigali a 2016 don rage amfani da shi. Ginin da ruwan teku ke sanyayawa ya huta da mafi yawan wannan matsala.

To, yanzu ga ɗaya gefen. Sai ka fara sanin yawan ruwan da ake magana a kai, in ba haka ba ba za ka ga girman abin ba. Esi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, irin wadda aka fi sani a gidajenmu, tana kwashe zafi kamar kilowat 3.5. In ruwan teku zai yi wannan aikin, yana ƙaruwa da digiri 7 tsakanin shiga da fita, ana bukatar kusan lita 450 a kowace awa. Jarka 18 ke nan mai lita 25, fiye da kurar ɗan ga-ruwa guda, a awa ɗaya, don ɗaki ɗaya. In tsakiyar birni ne mai bukatar sanyin da ya kai na irin wannan esi 30,000, ruwan zai haura lita miliyan 300 a yini. Ƙaramin kogi ne aka ɗauko daga duhun ƙasa aka kawo sama, ba dare ba rana.

Kuma ruwan ƙasa ba irin na sama ba ne, ko da ido ba zai bambance su ba. Duk abin da ya mutu a saman teku, kifi ne, ƙananan halittun da ido ba ya gani ne, kashinsu ne, ƙasa yake gangarawa ya ruɓe. Can ƙasa babu haske, babu tsiron da zai sha abin da ya ruɓe, sai ya taru. Shi ya sa ruwan zurfi yake cike da naitirojin da fosfaros, abubuwa biyun nan da manomi ke saye a buhun takin zamani. Ruwan saman tekun ƙasashen zafi kuwa kusan fanko yake daga gare su, shi ya sa yake garau kana hango ƙasa. In ka zuba na ƙasa a cikin na sama inda rana ke haskawa, taki ka watsa a gonar da ba ka shuka ba, kuma abin da zai fara tsirowa gansakuka ce.

Ka san wannan tun a gida. Ka tuna kududdufin da ke bayan gari, wanda ruwan gonaki da na kwatami ke gangarawa ciki. Bayan an yi taki an samu ruwa biyu uku, sai ka ga fuskarsa ta koma kore shar, kauri kamar kunu. Da rana gansakukar tana fitar da iskar oksijin, da dare tana shanye ta, in ta mutu ta ruɓe kuma ta ƙara shanyewa. Da asuba sai ka ga tarwaɗa ta taso tana haɗiyar iska, karfasa kuwa ta juya ciki sama. Abin da ake tsoro ke nan a bakin bututun mayarwa, musamman a lungun teku inda ruwa ba ya gudu. Tsibiran da suka fi dacewa da wannan aiki su ne kuma masu duwatsun murjani, kuma murjani halitta ce mai rai da ta saba da ruwa garau marar taki. In gansakuka ta samu ƙarfi sai ta lulluɓe shi ta hana shi haske. Murjanin nan shi ne gidan kifin da masunta ke kamawa, shi ne kuma katangar da ke karya igiyar ruwa kafin ta ci gaɓa.

Kada ka ɗauka takin nan guba ne. A gaɓar Gana da Kwadebuwa, tsakanin Yuli da Satumba, ruwan ƙasa yakan taso da kansa, kuma lokacin ne masunta suke cika jirage da kifi. Bambancin shi ne can abin yana zuwa da lokacinsa, ya bazu a kan ɗaruruwan kilomita, halittun wurin sun saba da shi. Bututu kuwa wuri ɗaya yake zubarwa, shekara da shekaru.

Sai batun sanyi. Ruwan da ya fita da digiri 12 ya tarar da mai digiri 27, ya fi shi nauyi, saboda haka ba ya tsayawa a sama. Nutsewa yake yi ya bi ƙasa yana malala kamar bargo mai sanyi a kan duk abin da ke manne a wurin, wanda ba shi da ƙafar gudu. Yana kuma da ƙarancin oksijin, da yawan iskar kabon da ta narke a ciki, wadda ke sa shi ɗan tsami. In ya iso sama wani kaso na kabon ɗin yakan fice zuwa iska. Wannan kason ƙarami ne in aka gwada da hayaƙin da aka hana tashi, amma mai lissafin gaskiya zai sa shi a ciki.

Maganin an san shi. A kai bututun mayarwa ƙasa da inda hasken rana ke isa, kamar mita 100 ko fiye gwargwadon wurin, inda ruwan da ke can ya fi kusa da wanda ake zubarwa a sanyi da taki. A kuma huhhuda ƙarshen bututun da ƙofofi da yawa a jere, ruwan ya fita kaɗan-kaɗan ya gauraya da wuri. Matsalar ita ce kowace mita ta bututu kuɗi ce, kuma bututun mayarwa ba ya ƙara wa kowa sanyi. In kasafi ya matse, shi ake fara kallo a rage. Na ga irin wannan a aikinmu na tudu ba sau ɗaya ba: a sayi inji mai tsada, a yi rowa wajen magudanar da za ta fitar da ruwansa. Don haka in an ba ka takardar irin wannan aiki ka duba, tambayarka ta farko ita ce a wane zurfi za a mayar da ruwan, ta biyu kuma wa zai riƙa auna wurin bayan an buɗe, kuma wa zai biya shi. Awon ma sai an fara shi tun kafin a sa bututu, aƙalla shekara guda cur, don a san yadda wurin yake tun asali. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Bakin ɗiba ma yana da tasa illar, amma ba ta kai wannan ba. Halittu ba su da yawa a mita 900, sai dai akwai masu hawa sama da dare su sauko da rana, kuma bututu yakan zuƙe wasunsu. Ana rage wannan da raga da faɗaɗa baki don ruwa ya shiga a hankali. Lokacin gini kuma akan tayar da laka a fasa ƙasan gaɓa, shi ya sa aikin kirki yake haƙa rami ta ƙarƙashi ya ɓullo bayan murjani.

Abin da ya faru a Cornell ya isa darasi. Suna ɗebo ruwa daga zurfin kamar mita 76 a tafkin Kayuga, su mayar da shi a kudancin tafkin inda ba zurfi. Mutanen garin suka yi ta ƙorafi cewa ana kwaso fosfaros daga ƙasa ana zubawa inda gansakuka ta riga ta dame su. An shafe shekaru ana jayayya, hukumar muhalli ta jihar ta sa wa jami'ar iyaka da sharaɗin awo da nazarin tafkin. Toranto kuwa dabararsu ta burge ni ƙwarai. Bututunsu yana shiga tafkin Ontariyo kamar kilomita 5, zurfin mita 83, ruwa mai digiri 4. Ruwan nan shi ne ruwan shan birnin. Ana tace shi, a karɓi sanyinsa a hanya, ya wuce famfunan gidaje. Da ma za a ɗebo shi, sai aka ci riba biyu. A tsibirin Kumejima na Japan, inda ake ɗebowa daga mita 612, ruwan ƙasan teku ya zama abin kiwon jatan lande da ciyawar teku da ake ci, wato takin ya tafi inda ake sonsa. Honolulu, babban birnin Hawayi, kuma ta shafe fiye da shekara goma tana shirin sanyaya tsakiyar birninta, aka watsar da aikin a ƙarshen 2020 saboda kuɗin gini ya yi tashin gwauron zabo.

A Najeriya ko Legas ba ta samu wannan da sauƙi ba. Bututun asibitin Tahiti bai kai kilomita 4 ba, don tsibiran da dutse mai aman wuta ya haifa ƙasansu a tsaye yake gangarawa. Gaɓarmu shimfiɗe take, sai an yi gwamman kilomita cikin teku kafin a samu zurfin kirki, a yankin Neja Delta ma ya fi nisa. A Afirka tsibirai irin su Moris da Kef Bad da Sawo Tome suka fi dacewa. Mu a Katsina teku tana nesa da mu fiye da kilomita 1,000 ta mota, muna kuma kamar mita 500 sama da ita.

Sai dam ɗinmu, kuma na ji daɗi da tunaninka ya kai can. Ba zai yi ba, ƙanena, kuma dalilin ba zurfi kaɗai ba ne. Ruwan daɗi ya fi nauyi a digiri 4. A Kanada hunturu yana sanyaya tafki har ya kai wannan ma'aunin, ruwan ya nutse ya zauna a ƙasa, bazara ta zo ta dumama sama kawai. Tafki ba ya iya ajiye sanyin da ya fi wanda hunturun ƙasarsa ya ba shi. Dubi tafkin Tanganyika na gabashin Afirka, zurfinsa ya haura mita 1,400, amma ruwan ƙasansa yana wajen digiri 23 zuwa 24, domin babu hunturun ƙanƙara a can. To ina ga Sabke da Daberam da Zobe da Ajiwa da Jibiya, waɗanda babu mai kusantar mita 50 a cikinsu? Don esi ta yi aikinta, har ta tsane gumin iska a damina, ana son ruwa mai digiri 6 zuwa 8. Ko da sanyin ya isa ma, ni ba zan goyi baya ba. Ruwan ƙasan dam a lokacin zafi ba shi da iska, yana cike da abin da ya ruɓe. Ka kwaso shi ka dumama ka mayar sama, ka kira gansakuka a ruwan da gari ke sha, masunta ke ci, masu noman rani ke ban ruwa da shi. Rijiya ma haka. Ka lura ruwanta da ɗumi da asubar hunturu, da sanyi a bazara? Shi bai canza ba, yana nan kusa da matsakaicin zafin shekara, wajen digiri 27 zuwa 30, jikinka ne ke gwada shi da iskar waje.

Namu sanyin a bushewar iska yake, da dare, da ƙasa. A Maris da Afrilu, kafin iskar damina ta juyo, zafi yakan kai digiri 40 amma iska a bushe take ƙayau. Irin wannan iskar in ta ratsa jiƙaƙƙen abu takan sauko da digiri goma ko fiye. Aikin randa ke nan a gindin bishiya, kuma shi ne Mohammed Bah Abba na Jigawa ya ɗauka ya yi tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Na'urar sanyi mai aiki da ruwa da fanka tana bin wannan hanya, wutarta kaɗan ce, sola ma tana ɗaukarta, sai dai tana shan ruwa kuma ba ta da amfani sosai a Agusta. Soron ƙasa mai kaurin bango da rufin azara yana riƙe sanyin dare har la'asar, abin da ɗakin bulo mai kwano ba ya yi. Ga manyan wurare kamar asibiti ko jami'a, abin da za a aro daga Toranto shi ne tsarin raba sanyi daga wuri ɗaya: inji babba guda mai kula ɗaya, da tankin ruwan sanyi ko ƙanƙara da ake haɗawa da rana da wutar sola a sha da dare, maimakon esi ɗari uku kowace tana yoyon gas ɗinta.

Tunda muhalli kake karantawa, kada ka tsaya a maganata. Ka nemi izinin masu kula da dam ɗin Sabke, ka samu masunci mai kwalekwale ya kai ka inda ya san ya fi zurfi, ka sa rigar ruwa. Ka ɗaure kwalba mai kauri da dutse a igiya, ka yi ƙulli a kowace mita, ka toshe bakinta da toshiya mai nata siririn zare. In ta kai zurfin da kake so sai ka fizge zaren, ka jira kumfa ta gama tasowa, ka jawo da sauri ka tsoma ma'aunin zafi nan take. Ka auna sama, da mita 2, da 5, da ƙasa, ka shinshina ruwan ƙasan ka rubuta warinsa da launinsa. Ka yi sau ɗaya a Janairu, sau ɗaya a Afrilu, sau ɗaya a Agusta, duk a wuri ɗaya da lokaci ɗaya na yini. In ka haɗa alƙaluman ka aiko mini mu duba tare, ka gaida malamanka.